Sallama Bayan An Shiga Ɗaki: Batun Tagar Neman Izini a Shafukan Intanet

Duk wanda ya taɓa leƙa shafin wata jarida ta ƙasar Faransa, ko na wani kanti na Turai, ta wayarsa ta salula, ya san abin da ke fara tarbarsa. Tun bai karanta ko layi ɗaya ba, sai wata 'yar taga ta faɗo ta tsare masa gaba, tana tambayarsa ko ya yarda a ajiye masa kuki. Yawancin mutane ba su tsayawa su karanta. Sukan danna maɓallin da ya fi girma domin tagar ta kau, kamar mai korar ƙuda daga bakin ƙwaryar fura. To, wannan 'yar taga da ake rainawa ita ce ta jawo wa kamfanin Google tarar Yuro miliyan 150 a ƙasar Faransa, wadda aka bayyana a watan Janairu na shekara ta 2022, wato sama da miliyar 98 na kuɗin sefa. Kuma a yau ba manyan kamfanoni kaɗai maganar ta shafa ba, tunda gina shafin intanet ya zama aikin da tela ko mai sayar da turare zai iya yi da hannunsa cikin yini guda.

Kukin da ake magana ba abin ci ba ne, ko da yake daga sunan wani ɗan biskit na Turawa aka aro kalmar. Wata 'yar alama ce ta rubutu, wadda shafi ke ajiyewa a cikin kwamfuta ko wayar wanda ya ziyarce shi, domin ya gane shi idan ya dawo. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Netscape na Amurka a shekara ta 1994, kuma dalilinsa mai kyau ne. Shafin intanet ba shi da tunani: idan mutum ya zaɓi kaya a shafi na farko ya wuce na biyu domin ya biya, sai a tarar kantin ya manta da shi sarai. Kuki ne ke riƙe masa kwandon sayayyarsa, shi ke tuna cewa ya riga ya shiga da sunansa, shi ke tuna harshen da ya zaɓa. Irin wannan kuki babu mai faɗa da shi, doka ma ba ta ce a nemi izini a kansa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, 'yan talla sun gano cewa alamar da ke tuna kwando tana iya tuna mutum. Idan kamfanin talla guda ya samu wurin zama a shafuka dubu, ya ajiye alamarsa a wayar duk wanda ya ratsa, to zai iya bin sawun mutum daga wannan shafi zuwa wancan: jiya ya nemi maganin ciwon suga, yau ya duba kuɗin jirgi zuwa Makka, gobe ya karanta labarin wata jam'iyya. Ba a tambayi sunansa ba, amma an san cutarsa, an san addininsa, an san inda zuciyarsa ta karkata a siyasa, kuma wannan sanin haja ce da ake sayarwa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a shekara ta 2002, ta kuma gyara ta a 2009, inda ta ce ba a ajiye kome a na'urar mutum, ba a kuma karanta abin da ke cikinta, sai da yardarsa, in ban da abin da aikin da shi kansa ya nema ba zai yiwu ba sai da shi. Daga ranar 25 ga watan Mayu na 2018, da babbar dokar kare bayanan mutane da masu jin Faransanci suka sani da suna RGPD ta fara aiki, sai aka fayyace abin da ake nufi da yarda: mutum ya san abin da ake tambayarsa, ya ba da amsa da kansa ba tilas, kuma janye yardar ya kasance da sauƙi kamar ba da ita.

A da, wanda duk ke son shafi sai ya nemi gwanin rubuta harshen kwamfuta, ya biya shi, shi kuwa gwanin ya san kowane layi da ya sa a ciki. Yanzu kamfanoni irin su Wix da Squarespace da Shopify da Webflow sun sauƙaƙa abin. Mutum ya zaɓi fasalin da ya yi masa, ya jawo hoto ya ajiye nan, ya jawo rubutu ya ajiye can, ya danna maɓalli, shafi ya fito duniya ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya na harshen na'ura ba. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ƙananan 'yan kasuwa ne suka fi cin moriyarsa. Sai dai mai irin wannan shafi kamar ɗan haya ne da ya shiga gidan da wani ya gina: ya san launin bango da inda ya ajiye kujera, amma bai san ta inda wayoyin lantarki suka bi ba. Yana cikin murna zai ƙara ma'aunin Google Analytics domin ya san yawan masu ziyara, ya ƙara alamar Facebook domin tallarsa ta riƙa bin waɗanda suka leƙo, ya liƙa bidiyon YouTube, ya sa taswira domin a gane kantinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙo ne da ya sauke a zaurensa, kuma kowanne yana iya rubuta wanda ya shigo ya kai labari gida.

Daga nan sai wani ya ce masa ai sai ka sa tagar nan ta neman izini. Sa ta ba wuya. Wasu kamfanonin sun tanade ta a cikin saitin shafi, sai dai a kunna. Wasu kuwa sai an ɗauko ta daga masu wannan sana'a, irin su Axeptio na Faransa ko Cookiebot, ko kuma tarteaucitron wanda ake samu kyauta, a kwafo 'yan layukan da suka bayar a liƙa a inda aka tanada. Cikin minti goma taga ta bayyana, da launi mai kyau da magana mai daɗi, mai shafi ya yi hamdala ya rufe kwamfutarsa.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, domin fitowar taga daban, aikinta daban. Abin da doka ta nema shi ne tsari: a fara tambaya, a jira amsa, sa'an nan a ajiye alama idan an ce to. Amma yadda shafi ke buɗewa, duk rubutun da aka liƙa a kansa yakan fara aiki nan take, tun mai ziyara bai gama ganin hoton farko ba. Idan ba a ɗaure ma'aunin Google da alamar Facebook a jikin tagar ba, ta yadda ba za su motsa ba sai ta sake su, to kafin tagar ta gama fitowa sun riga sun ajiye abin da za su ajiye, sun aika abin da za su aika. Mai ziyara ya danna "Ban yarda ba", tagar ta kau cikin ladabi, alhali kuwa an rufe ƙofa ne da ɓarawo a ciki. A ƙasar Hausa ko yaro ya san sallama daga waje ake yin ta, a tsaya har a amsa. Wanda ya shiga har ƙuryar ɗaki, ya zauna bisa gado, sa'an nan ya ce salamu alaikum, bai yi sallama ba, ya ƙara wa shigarsa raini ne.

Kuma dalilin da ya sa wannan ya fi kama masu gina shafi ba tare da rubuta harshen na'ura ba a bayyane yake. Tagar da kamfani ya tanada ta san abubuwan da kamfanin kansa ya haɗa, tana iya tsare su. Abin da mai shafi ya kwafo daga wani wuri ya liƙa da hannunsa kuwa, ba lalle ta san da zamansa ba, sai an gaya mata: wannan na talla ne, wannan na ƙidayar masu ziyara ne, wannan kuwa dole ne. Wasu ma, don gudun kada wani abu ya ƙi aiki, sai su jera kome da kome a rukunin dole, har da alamar talla. Wannan ba kuskuren na'ura ba ne, ƙarya ce aka rubuta a ƙofar gida.

Hukumar da ke kula da wannan al'amari a Faransa ita ce CNIL, wadda dokar ranar 6 ga watan Janairu na 1978 ta kafa, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi kuki. Tarihin tarar da ta ci ya nuna inda idonta yake. A watan Disamba na 2020 ta ci Google Yuro miliyan 100, ta ci Amazon miliyan 35, saboda suna ajiye kukin talla da zarar mutum ya shigo, ba tare da an tambaye shi ba. Tarar da aka bayyana a Janairun 2022, miliyan 150 ga Google da miliyan 60 ga Facebook, dalilinta dabam ne: akwai tambaya, amma yarda danna ɗaya ce, ƙi kuwa sai an bi ƙofofi da yawa. A shafin Facebook abin ya kai ga ban dariya, domin wanda ke son ya ƙi sai ya wuce zuwa taga ta biyu, ya sauka can ƙasa, ya danna maɓallin da aka rubuta wa "karɓi kuki". Sai kuma watan Satumba na 2025, lokacin da hukumar ta ci kamfanin tufafi na Shein Yuro miliyan 150. Daga cikin laifuffukan da ta lissafa har da ajiye kuki tun mutum bai taɓa tagar ba, da ci gaba da ajiyewa bayan ya danna ƙi. Shein yana da taga, kuma ba injiniyoyi ya rasa ba.

Tun kafin nan kotun Tarayyar Turai da ke Lukzambur ta toshe wata dabara. A ranar 1 ga watan Oktoba na 2019, a shari'ar wani kamfanin Jamus mai suna Planet49, ta yanke cewa akwatin da aka riga aka sa wa alamar yarda, aka bar wa mutum wahalar cirewa, ba yarda ba ne. CNIL ta ɗora a kai a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ba masu shafuka wa'adi zuwa ƙarshen watan Maris na 2021: ci gaba da karatu a shafi ba amsa ba ce, shiru ƙi ne, kuma ƙi ya zama da sauƙi daidai da yarda. Saboda haka tsohuwar tagar nan mai cewa "idan ka ci gaba da amfani da wannan shafi ka yarda", mai maɓalli ɗaya tak, ta riga ta mutu a idon doka, ko da yake har yanzu ana cin karo da gawarta a ƙananan shafuka.

Mai shafi zai iya cewa shi bai gina kome ba, kamfanin da ya ba shi haya ne ya kamata a tambaya. Wannan hujja ba ta da ƙarfi a gaban alƙalan Turai. A watan Yuli na 2019 kotun Lukzambur ta duba shari'ar Fashion ID, wani kantin tufafi na Jamus da ya liƙa maɓallin "so" na Facebook a shafinsa, maɓallin da ke aika bayanin duk wanda ya shigo ko da bai taɓa shi ba. Kotu ta ce kantin yana da hannu tare da Facebook wajen tarawa da aika bayanin, tunda shi ya zaɓi ya sa maɓallin domin amfanin kasuwarsa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A watan Janairu na 2022 kuma wata kotu a birnin Munik ta sa wani mai shafi ya biya wani mai ziyara diyyar Yuro 100, jika 65 da 'yan kai, saboda salon haruffan da shafin ke amfani da su daga rumbun Google ake ɗauko su, kuma duk ɗaukowa sai adireshin na'urar mai ziyara ya tafi can ba da saninsa ba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma bayan hukuncin sai wasiƙun neman diyya suka yi ta sauka a kan ƙananan masu shafuka a Jamus, mutanen da yawancinsu ba su taɓa sanin daga ina haruffansu ke zuwa ba. Fasalin da suka zaɓa ne ya zo da su.

Kada a tsorata mai ƙaramin kanti da miliyoyin Google, domin akan auna tara da girman mai laifi, kuma sau da yawa hukuma takan fara da takardar gargaɗi da wa'adin gyara. Amma tun 2022 CNIL ta samu wata gajeriyar hanyar hukunci domin ƙananan shari'o'i, wadda tararta ke iya kaiwa Yuro 20,000, sama da miliyan 13 na sefa. Wannan ya isa ya rufe shagon tela.

Mai karatu na Maraɗi ko Tawa zai ce wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan biri da gada. Gaskiya ne cewa don kawai ana iya buɗe shafi daga Faransa, dokar RGPD ba ta hau kansa ba. Amma ta tanadi cewa wanda ke wajen Turai, idan yana tallata kaya ga mutanen da ke cikinta, ko yana bin sawun abin da suke yi, to ta shafe shi. Baduku a Damagaram da ya buɗe shafi, ya sa farashin jakunkunansa da Yuro, ya rubuta cewa yana aikawa har Liyon da Marsai, ya riga ya sa ƙafa a kasuwarsu, haka ma maƙerin azurfa na Agadas da ke neman masu saye a Beljiyam. Ban da haka, ita kanta Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a shekara ta 2017, dokar da ta samar da hukumar HAPDP, aka kuma sabunta ta a 2022. Najeriya ma ta yi tata a 2023. Ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ya shigo shafin mutum baƙonsa ne, kuma ba a san Bahaushe da laluben aljihun baƙo ba.

Abin daɗi shi ne, gane ko taga na aiki ba sai gwani ba. Mai shafi ya zauna gaban kwamfuta, ya buɗe manhajar Chrome a tagar sirri, wadda ba ta ɗauke da tsofaffin alamu, ya shiga shafinsa kamar baƙo, kada ya taɓa kome. Ya danna maɓallin F12, ya nemi sashen ajiya inda ake jera kuki. Idan ya ga suna mai farawa da _ga, na Google Analytics ne, kuma in ba a canza saitinsa ba shekara biyu ne wa'adin da Google ya sa masa. Idan ya ga _fbp, na Facebook ne, kwana 90 yake yi. Ganin ɗayansu tun ba a amsa tambaya ba yana nufin tagar ado ce kawai. Idan ba su nan, ya danna ƙi, ya zagaya shafi biyu ko uku, ya sake dubawa. Nan ma bai kamata su fito ba. Sai ya rufe, ya sake shigowa, ya danna yarda, ya ga sun bayyana. Daga ƙarshe ya nemi inda mai ziyara zai koma ya canza ra'ayinsa, domin taga da yawa idan sun kau sun kau ke nan, ba a bar ko ɗan rubutu a ƙasan shafi da zai sake kiran su ba. CNIL ta ba da shawarar a riƙe amsar mutum kamar wata shida, ko yarda ce ko ƙi, maimakon a riƙa damun wanda ya ƙi da tambaya kullum har ya gaji ya sallama.

Akwai kuma tambayar da ta kamata ta riga duk wannan, wadda ba kasafai masu sayar da taga ke yin ta ba: shin baƙin nan da aka tara a zaure, ana bukatarsu? Mai kantin da mutum talatin ke leƙawa a rana, wanda bai taɓa sayen talla a Facebook ba, me alamar Facebook ke yi masa? Sau da yawa an sa ta ne don an ga wasu sun sa. Ma'aunin masu ziyara ma, akwai waɗanda CNIL ta amince a yi amfani da su ba tare da neman izini ba, irin su Matomo, muddin an saita su domin ƙidaya kaɗai, ba a haɗa bayanin da na wani wuri, ba a kuma miƙa shi ga kowa. Bidiyo ana iya sa hotonsa kawai, kada ya buɗe sai mai ziyara ya danna da kansa. Taswira ana iya maye gurbinta da kwatance da mahaɗin da zai kai mutum can in yana so. Shafin da ya rage da kukin kwando da na shiga kaɗai ba ya bukatar tagar neman izini ko kaɗan, ya ishe shi ya bayyana abin da yake ajiyewa a shafin bayani. Kuma ya fi saurin buɗewa, abin da mai sayen intanet na dala ashirin a wayarsa zai fi kowa godewa.

Su kansu Turawan sun gaji da tagogin. A watan Nuwamba na 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar gyara, wadda a cikinta ake son ƙi ya zama danna ɗaya, a daina maimaita tambaya ga wanda ya ƙi har tsawon wata shida, kuma nan gaba mutum ya iya faɗin ra'ayinsa sau ɗaya a cikin manhajar da yake shiga intanet da ita, shafuka su bi. Shawarar ba ta taɓa alamar talla ba: ita dai sai an tambaya kafin a ajiye. Kuma ko wace irin taga aka sa, gwajin nan na F12 ba na rana ɗaya ba ne, domin ranar da mai shafi ya ƙara sabon bidiyo, ko akwatin hira da masu saye, ko ya canza fasali, wani baƙon ya sauka a zaure wanda tagar ba ta san sunansa ba.